Tunawa Da Babanmu, Malamin Kurame

Yau labarin mahaifina na zo da shi. Na kuwa kawo shi wannan fili ne don na san cikin masu karantawa ba za a rasa wadda ta ke da yaro a ɗaki irin waɗanda ya yi wa hidima ba, ta kuma rasa yadda za ta yi da shi.

Baba ya rasu cikin watan azumi na shekarar 2024, a gidanmu a Gumel. Ranar sadakar uku zaure ya cika maƙil, har aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Cikin gida kuma ga mata a tsakar gida da ɗakin Inna. Amma duk yawan nan ba ka jin hayaniya. Wata tsohuwa da ta zo gaisuwa daga ƙauye ta jawo ni gefe ta ce, "'Yar nan, su waɗannan baƙi gaba su ke yi da juna ne?" Na ce, "A'a Iya, hira su ke yi. Dubi hannuwansu."

Kurame ne, almajiran Baba. Akwai tela, akwai kafinta, akwai mai gyaran babur, akwai matan aure da goyonsu. Waɗansu daga Maigatari, waɗansu daga Gagarawa, waɗansu daga ƙauyukan Sule Tankarkar. In sun zo ambatonsa sai ka ga sun kakkaɓe kafaɗar hagu sau biyu. Sunansa ke nan a wurinsu. Kurame su kan raɗa wa kowa suna da hannu, gwargwadon wani abu da suka gani gare shi, shi kuwa kullum kafaɗar rigarsa da garin alli.

Da farko Baba malamin firamare ne kamar kowane malami. Ya fara aiki cikin 1976, shekarar da gwamnati ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda a ke ce wa UPE. A lokacin ƙasar Gumel tana cikin Jihar Kano, gama sai 1991 aka yanke Jigawa. Shekara 20 yana yawon ƙauyuka da kekensa, yau a kai shi nan, gobe a kai shi can. Yana koyar da lissafi da Hausa, yana kuma riƙe bulala yadda malaman zamaninsa su ke riƙewa. Bai taɓa tunanin kurame ba, sai dai in ya gamu da ɗaya a tasha ya miƙa masa sadaka.

Sai bazarar 1996 ta zo. Waɗanda suka yi wayo a lokacin ba su manta da ita ba. Sanƙarau ya faɗo wa Arewa, ya kama mutum fiye da 100,000, ya kashe fiye da 11,000. Ina da shekara 12, ƙanwata Auta tana da 5. Da rana tana wasan ɗiyar kara, da dare jikinta ya yi zafi kamar garwashi, da asuba wuya ya sanƙare. Baba ya saɓa ta a kafaɗa sai asibiti. Allah ya yi da sauran kwananta. Bayan mako biyu aka dawo da ita, ta rame, tana tafiya tana tangaɗi. Muka yi murna, Inna ta yi sadakar waina.

Ashe da sauran magana. A kira Auta, ba ta waiwaya ba. A aike ta, sai ta tsaya tana kallon mutum. Aka ce sangarta ce ta jinya. Ran nan Baba ya kira ta sau uku ta kawo masa buta, tana zaune ta ba shi baya. Ya tashi ya mare ta. Yarinya ta ɗago ta dube shi, irin kallon wanda bai san laifinsa ba. Ana cikin haka tasa ta suɓuce wa Inna ta faɗi bisa siminti, kaji suka watse, ni ma na zabura. Auta ko gezau. Baba ya dubi tasa, ya dubi yarinya, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Ranar bai ci tuwo ba.

Har ya koma ga Allah bai daina ambaton marin nan ba. Ya kan kuma tuna wani yaro da ya taɓa koyarwa a ƙauye, mai zama a bayan aji, wanda ya sha bulala a hannunsa a kan shi daƙiƙi ne, har yaron ya gudu ya bar makaranta. Ya ce yanzu ya gane kallon da yaron nan ya ke yi masa, irin na Auta ne.

Dangi kowa da abin da ya faɗa. Wannan ta ce iska ce, waccan ta ce baki ne. Aka yi turare, aka sha rubutu, aka ɗiga mata abubuwa iri iri a kunne. Kuɗi ya tafi, ji bai dawo ba. Daga bisani Baba ya ɗauke ta zuwa Kano, tafiyar kamar kilomita 120. Likitan kunne ya gwada ta, sa'an nan ya zana masa hoto a takarda. Ya ce can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan abu mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ruwa da waɗansu 'yan gasu ƙanana ƙwarai, su ne ke karɓar ƙara su miƙa wa ƙwaƙwalwa. In sanƙarau ya kai nan ya kan kashe su, ba su kuwa sake tsirowa. Ya ce, "Malam, hankalinta lafiya lau. Ƙofa ɗaya ce ta rufe. Ka nemi wata."

Shi ne ya kwatanta masa makarantar Tudun Maliki, wadda aka buɗe a Kano cikin 1977 domin kurame da makafi. Baba ya je. Ya tsaya bakin tagar wani aji, ya ga malami ya rubuta lissafin rabawa a allo, yara suna ɗaga hannu suna rige-rigen fita. Ya ga wata yarinya ta gyara wa ɗan'uwanta kuskure, aji duka ya tuntsure da dariya. Ya ce mana shekara 20 yana malanta, sai ranar ya san bai san aikinsa ba.

Da ya dawo Gumel sai ya nemi malami. Malamin nan kuwa wani kurma ne tela a bakin kasuwa. Kullum bayan la'asar Baba ya kan je ya zauna kusa da kekensa, ya nuna abu, tela ya nuna masa sunansa da hannu. Mutane suka yi ta dariya, wai malamin makaranta ya koma ɗaukar karatu wurin bebe. Ranar Alhamis kuma su tafi kasuwar Maigatari tare, inda kurame ke haɗuwa daga ko'ina, har da na ƙasar Nijar. A nan ya ga abin da ya ba shi mamaki. Suna ciniki, suna gardama, suna ba da labarin damina, suna zolayar juna, duk da hannu da fuska.

'Yan'uwa, ku lura da wannan. Maganar hannu harshe ce cikakkiya, tana da ƙa'idodinta, kuma ta daɗe a ƙasar Hausa tun ba a san boko ba. Kurame ke koya wa 'yan'uwansu. A Kano har Sarkin Bebaye a ke naɗawa. Wata Bajamushiya mai ilmi, Constanze Schmaling, ta zauna cikin kuramen Kano ta koyi harshen, ta fitar da littafi a kansa cikin shekarar 2000.

Daga nan Baba ya kafa mana doka a gida. Tsakanin magariba da lisha a kan kunna fitilar ƙwai a ajiye tsakiyar tabarma, kowa ya zo ya zauna, ba mai buɗe baki. Mai son ruwa ya roƙa da hannu. Mai ƙara ya kawo ta da hannu. Inna ma ba a ɗauke mata ba. Kakarmu ta ce ita ta tsufa da wannan wasa, amma ba a yi wata uku ba sai ga ta tana yi wa Auta tatsuniyar Gizo da yatsunta masu amosani. Da rana kuwa ya ce mu dinga yi mata magana da baki, muna fuskantarta, a hankali, ba da ihu ba, don kada 'yan kalmomin da ta riga ta iya su zube. Saboda haka har yau tana faɗin waɗansu abubuwa da baki, kuma ta kan karanta leɓen wanda ta saba da shi.

Zan gaya muku gaskiya, ni ban so dokar nan ba. 'Yan ajinmu suna kirana 'yar gidan bebaye. Ina kuma ganin Baba ya fi son Auta, komai Auta. Wani dare tana ba shi labarin akuyarmu, hannuwanta suna ta tashi, yana dariya, ni kuwa na zo na ɗaya a jarrabawa ba a ko tambaye ni ba. Na sunkuya na hure fitila. Duhu ya rufe mu. Sai na ji Auta ta yi wata irin ƙara, tana lalubar mutane.

Na ɗauka zan sha duka. Baba ya ƙyasta ashana ya mai da fitila, ya rarrashi Auta, sa'an nan ya ce in biyo shi zaure. Ya ce, "Ke in an kashe fitila kina ji, kina magana. Ita fa? Kin toshe mata kunne, kin kuma rufe mata baki, da numfashi ɗaya." Na yi ta kuka. Can sai ya sa hannu a aljihu ya fito da takardar sakamakona, ashe ya karɓo ta tun da rana wurin hedimasta. Ya ce, "Na gani. Laifina ne da ban fara da ke ba. Ki yafe mini." Ban taɓa jin babba ya roƙi yaro gafara ba sai ranar.

Cikin 1998 ya sami shiga kwalejin horon malaman masu buƙata ta musamman da ke garin Oyo, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1977. Karatun shekara 3 ne, ga nisa, ga mu mu shida. 'Yan'uwansa suka ce ya yi hauka, mutum da shekara 40 da ɗoriya zai bar iyali ya koma ɗan makaranta. Ya ce shi ba zai yanke ba sai abin da Inna ta ce. Inna ba ta ce komai ba. Ranar Alhamis ta ba wa ƙanenta tumakinta biyu ya kai Maigatari, da yamma ta ƙulle kuɗin a gefen zane ta ajiye wa Baba bisa buzunsa. Shekarun nan uku da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta cike abin da albashi bai kai ba. In ana yabon Baba a gabanta ta kan yi murmushi kawai, amma shi kullum cewa ya ke takardar shaidarsa sunan mutum biyu ya kamata a rubuta a kai.

Ni ya bar wa karatun Auta. Duk wata sai wasiƙarsa ta zo, shafi ɗaya na Inna, shafi ɗaya nawa, da zanen hannuwa da abin da zan koya mata. Hanyar kuwa mai sauƙi ce, kowace uwa za ta iya. A ɗauko abu, a ce ludayi. A nuna mata shi, a yi alamarsa da hannu, a zana hotonsa, a rubuta sunansa a ƙarƙashi. Gobe a ɓoye ludayin a nuna rubutun kaɗai, ta je ta ɗauko. Kafin Baba ya gama karatu, ƙofa da randa da turmi da murhu duk suna ɗauke da sunayensu da gawayi.

A Oyo ya tarar maganar hannun da a ke koyarwa a makarantu dabam ta ke da tamu ta gida. Tushenta daga Amurka ne. Ya ba mu labarin wanda ya kawo ta, wani baƙar fatan Amurka mai suna Andrew Foster. An haife shi a 1925, sanƙarau ya kurmantar da shi yana da shekara 11, kamar dai Auta. Ya yi karatu har ya gama babbar makarantar kurame ta Gallaudet cikin 1954. Ya zo Afirka ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya buɗe a Ibadan a 1960. Kafin ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987, ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13. Matarsa ma kurma ce, Bajamushiya, suka haifi 'ya'ya 5. Ɗan mishan ne, addininsa dabam da namu, amma Baba ya kan ce mutumin da ya ƙetare teku don 'ya'yan waɗansu ya isa ya sa mu ji kunyar 'ya'yanmu da mu ke ɓoyewa a ƙuryar ɗaki. Shi dai Baba duka biyu ya riƙe. Ta makaranta don jarrabawa da haruffa, ta gida don yaro ya iya magana da uwarsa.

Ya dawo a 2001. Aka ba shi wani ɗaki a wata firamare cikin gari, inda a ke tara karyayyun kujeru. Shi da kafinta suka gyara shi. Ya jera bencina kamar ƙahon sa, don kowane yaro ya ga hannun ɗan'uwansa, ya sa allo inda hasken taga zai faɗa a fuskarsa. In yana son su dube shi sai ya buga ƙafa a ƙasa ko ya kaɗa hannu. Da yara 4 ya fara, Auta ce ta biyar.

Sauran sai da ya nemo su. Ranar Asabar ya kan hau babur ya shiga ƙauyuka cikin rairayin nan na ƙasarmu, ya sauka wurin bulama ko mai unguwa, ya tambaya ko akwai yaron da ba ya ji. Maza ba su da wuyar samu, suna bakin kasuwa ko wurin kiwo. Mata ne aiki. Sai a ce babu, alhali tana bayan ɗaki tana surfe. Iyaye suna tsoron in aka sani za a guji auren 'yan'uwanta. Waɗansu kuma sun ga tana da amfani a gida, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga talla. Tun da shi namiji ne ba ya shiga gidajen mutane, sai ya riƙa ɗaukar Inna a bayan babur, daga baya kuma ni. Mu mu shiga wurin mata, shi ya zauna da maza a waje.

Abin da ya kan faɗa wa maza, ya kan tuna musu Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabin nan da ya zo neman ilmi, wanda aka saukar da farkon Suratu Abasa a kansa, ya kuma zama ladan a Madina. Sa'an nan ya tambaye su, "Wa ya koya wa 'yarku alwala? Ta san abin da ta ke yi in ta ga kun yi sujada?" Abin da Inna kuwa ta kan faɗa wa mata a ɗaki ya fi wannan nauyi. Ta kan ce, "Kin ɗora mata talla kin tura ta tasha. In wani ya cuce ta, da wane baki za ta gaya miki? In ta gaya miki, za ki gane?" A nan uwa ta kan yi shiru.

Ba kullum a ke dacewa ba. Akwai wata yarinya a wani ƙauye wajen Sule Tankarkar, mai kaifin hankali, cikin zama ɗaya ta kama haruffa biyar. Sau bakwai Baba yana komawa. Uban ya yarda, kakar ta ƙi. Zuwa na takwas aka ce an yi mata aure an kai ta wani gari, ba kuwa wanda ya iya gaya mata inda za a kai ta. Baba ya daɗe bai saki jiki ba. Sunanta yana cikin littafinsa, da fili a gabansa ba a rubuta komai ba.

Wata kuma daga wajen Gagarawa, an kawo ta tana da shekara 9, tana cizo tana jifa, an ce mahaukaciya ce. Baba ya ce haushi ne, shekara 9 tana da magana a ciki ba mai karɓa. Ta zauna gidanmu, ɗaki ɗaya da mu. Yau tana da kekunan ɗinki 3 da 'yan koyo, masu ji ma suna cikinsu, kuma ita ke rubuta awon kowa a littafi. Yaran da suka yi ƙarfi ya kan kai su gaba da kansa, waɗansu makarantar kurame ta Haɗejiya, waɗansu Tudun Maliki, inda Auta ma ta ƙarasa. Ya yi ritaya a 2011, aji ya dawo zaurenmu.

Kada ku ce mutumin da ya ba da kansa ga 'ya'yan mutane haka ya bar nasa. Mu shida duk ya sa mu makaranta, mata huɗu maza biyu, bai bambanta ba. In albashi ya yi jinkiri shi ke fara rage cin abinci, ya ce azumin nafila ya ke yi. Sa'ad da Inna ta kwanta ciwo shi ya yi ta ɗebo ruwa yana hura wuta, maƙwabta na leƙe, bai kula ba. Bai iya tuwo ba, kullum da gudaji, muka ci haka nan. Yana da faɗa a kan ƙarya da makara. Yana kuma da mantuwa, sau da yawa ya kan nemi tabaransa alhali yana bisa goshinsa.

Da Auta ta isa aure, wani ɗan'uwanmu mai mata biyu ya ce zai taimaka ya ɗauke ta. Baffanninmu suka ce an gode, ai rufin asiri ne. Baba ya ce a kira ta. A gabansu ya tambaye ta da hannu, ya kuma fassara musu amsarta ba ragi ba ƙari. Ta ce ba ta so, akwai wanda ta ke so, wani kafinta kurma da suka yi makaranta tare. Aka ce kurma da kurma ai sai su haifi kurame. Baba ya ce ciwo ne ya taɓa kunnuwansu, ba gado ba ne, kuma yawancin 'ya'yan kurame da jinsu a ke haifarsu. Yau 'ya'yansu 4, duk suna ji. Tun ba su iya tafiya ba suka iya roƙon nono da hannu.

Cikin 2023 sanƙarau ya sake ɓullowa a Jigawa, Maigatari da Sule Tankarkar suna cikin inda ya fi tsanani. Baba ya tsufa, amma ya sa jikansa ya riƙa goya shi a babur zuwa masallatai da majalisu, yana roƙon mutane su kai yara rigakafi. Ƙarshen shekarar nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi, ba mai gane abin da ya ke faɗa. 'Yan dubiya su zo su yi ta "Na'am? Me ka ce, Malam?" har ya gaji ya rufe ido.

Amma hannun hagu yana nan. Da shi ya roƙi ruwa, da shi ya ce a juya shi, da shi ya faɗi bashin da a ke binsa da wanda ya yafe. Duk gidan ba wanda bai gane shi ba, daga Inna har jikoki. Wata huɗu muna hira da shi haka. Auta ce ta fi kowa zama wurinsa, gama ita ta fi mu jin hannu ɗaya. Ta gaya mini wani dare ya sake roƙonta gafarar marin nan na shekara 28. Ta ce masa ita ba ta tuna ba, fitila kaɗai ta ke tunawa.

To, 'yan'uwa, ga abin da na tabbata zai so in bar muku.

Na ɗaya, rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurmancin yara daga abubuwan da a ke iya karewa ne, kamar sanƙarau da ƙyanda da hangum da ciwon kunne mai ruwa. Cikin watan Maris na 2024 Nijeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da sabuwar allura mai kare iri 5 na ƙwayar sanƙarau, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da aka fara. In masu allura sun zo, ku fito da yara.

Na biyu, in yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, wuya ya ƙage, ko jariri madigarsa ta kumbura, kada a jira gari ya waye. Sanƙarau ya kan yi kisa cikin kwana ɗaya. In kuma ya warke, a kai shi a gwada jinsa. Kunne mai zubar da ruwa a kai shi asibiti, kada a sa masa tsinke ko a ɗiga abin da likita bai ce ba.

Na uku, ki gwada jaririnki. Ki tsaya bayansa inda ba ya ganinki ki tafa. In ya kai wata 6 ba ya juyowa wajen ƙara, ko ya shekara 2 ba kalma ko ɗaya, ki nemi likita. Wani yana da sauran ji, na'urar da a ke maƙalawa a kunne za ta taimake shi.

Na huɗu, in ya tabbata kurma ne, kada ki jira makaranta. Ki fara yau da ludayi da gawayi. Ki nemi babban kurma a unguwarku ya koya muku, ke da sauran yaran gida. In ya isa, a kai shi makaranta, mace ko namiji. Tun watan Janairu na 2019 akwai dokar ƙasa da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, ta kuma ba su haƙƙin ilmi.

Ku kuma 'yan makaranta, in a ajinku akwai wadda kullum a ke ce mata daƙiƙiya, ku lura ko bakin malama ta ke kallo. Ku gaya wa malama a dawo da ita benci na gaba. Wadda kuma ta ke son aikin malanta, ga kwalejin ilmi nan a Gumel, ga Oyo, ga sashen ilmin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero ta Kano. 'Yan mata kurame suna bukatar malamai mata, waɗanda za su shiga har ɗaki ba sai an yi musu iso ba.

Littafin Baba yana hannun Auta. Ranar Asabar ita ke buɗe zaure, yara 7 ke zuwa yanzu. Wanda ya karanta wannan, ina roƙo ya sa Baba cikin addu'a. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan namu da naku, ya ba mu ikon riƙe amanar da ya ba mu, amin.